Ƙofar Dukkan Al'ummai: Zauren Baƙi na Sarakunan Farisa

A kudu maso yammacin ƙasar Iran, cikin lardin Fars, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da birnin Shiraz, akwai wani kufai a gindin dutsen da ake kira Kuhi Rahmat, wato Dutsen Rahama. Mutanen ƙasar suna kiran wurin Takhti Jamshid, ma'ana Gadon Sarautar Jamshid. Girkawan dā sun sa masa suna Farsifolis, wato Birnin Farisawa, su kuwa waɗanda suka gina shi Farsa kawai suke ce masa. Duk wanda ya ziyarci wurin, abin da zai fara cin karo da shi bayan ya gama hawan matakala shi ne wasu ƙattin bijimai biyu na dutse, kawunansu a farfashe, suna tsaye dama da hagun wata ƙofa marar ƙyaure, marar bango, marar rufi. Wannan ita ce Ƙofar Dukkan Al'ummai, kuma ta yi kimanin shekara 2,500 a inda take.

Sunan yana iya ruɗar mai karatu, ya ɗauka irin ƙofar ganuwa ce da ake rufewa don tsare gari daga mahara. Tsaron fadar aikin wata katanga ce ta tubali mai kauri, wadda ta kewaye wurin har ta hau kan dutse. Abin da ake kira ƙofa a nan ɗaki ne sukutum, mai bango huɗu da rufi da wurin zama, inda baƙo zai shiga ya dakata kafin a yi masa iso. Zaure ke nan. Da zarar an fahimci haka, sai kusan kome na jikin ginin ya fito da ma'anarsa, tun daga tsayin matakalar da ke kaiwa gare shi har zuwa yawan harsunan da aka yi rubutu da su a jikinsa.

Dandamali da matakala

Sarki Dariyus na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga shekarar 522 zuwa 486 kafin Miladiyya (K.M.), shi ya fara aikin fadar wajen shekarar 518 K.M. Daular da yake riƙe da ita ta kama daga kwarin kogin Indus a gabas har zuwa Masar da bakin ƙasar Girka a yamma, kuma kafin wannan zamani ba a taɓa haɗa ƙasa mai faɗin haka a ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Magina ba su kafa fadar a fili ba. Sun sare gefen dutsen, suka cike wuraren da suka yi kwari da duwatsu, suka tokare gefe da manyan sassaƙaƙƙun duwatsu, har suka sami dandamali mai tsawon kimanin mita 450 da faɗin mita 300. A ƙarƙashinsa suka haƙa hanyoyin ruwa cikin dutse domin ruwan sama ya sami mafita. Da farko mashigar tana ta kudu, inda Dariyus ya bar rubuce-rubucensa a jikin bango. Daga baya aka toshe ta, aka mai da mashigar kusurwar arewa maso yamma, a nan ne kuma ɗansa Zaksis, wanda ya yi mulki daga 486 zuwa 465 K.M., ya gina zauren da ake magana a kai. Zaksis sunan da ya biyo ta bakin Girkawa ne. A harshensa Kashayarsha yake.

Matakalar da ke kaiwa ga zauren tagwaye ce. Daga ƙasa ta rabu biyu, ɗaya ta yi dama, ɗaya ta yi hagu, sa'an nan kowacce ta juyo suka sake haɗuwa a sama. Kowane ɓangare yana da taki 111: taki 63 zuwa wurin juyawa, sai 48 zuwa sama. Faɗin matakalar ya kusa mita 7, zurfin kowane taki santimita 31, amma tsayinsa santimita 10 kacal. Lissafin mai sauƙi ne: 111 sau 10 ya ba da santimita 1,110, wato mita 11 da 'yan kai, wanda ya yi daidai da tsayin dandamalin a wannan wuri. Matakalar benen makaranta ko ta asibiti takan kai santimita 15 zuwa 18 a kowane taki. Da maginan Farsa sun bi wannan awo, da taki 70 ya ishe su, da kuma sun rage wa kansu aikin sassaƙa mai yawa, domin sau da yawa taki huɗu ko biyar ake fitarwa daga dutse guda.

Sun zaɓi wahalar ne da gangan. A kan taki mai santimita 10, dattijo mai doguwar riga zai iya hawa bai tattare rigarsa ba, bai sunkuyar da kai yana neman inda zai sa ƙafa ba, kuma ya isa sama ba ya haki. Mutane da yawa za su iya jerawa kafaɗa da kafaɗa. Matafiyan da suka zo bayan ɗaruruwan shekaru ma a kan dawakansu suka riƙa hawa. Sai dai matakalar tana da wani aiki na biyu: ba ta barin mutum ya yi sauri. Tun kafin baƙo ya ga ko da dogari ɗaya, dutse ya riga ya ƙayyade masa yadda zai yi tafiya.

Cikin zauren

Zauren murabba'i ne, kowane gefe ya kusa mita 25, wato fili mai faɗin murabba'in mita 600 da ɗoriya. Bangonsa na ɗanyen tubali ne mai kauri ƙwarai. A gindin bangon, daga ciki, an zagaya da dakali na baƙin dutse gogagge, inda baƙi ke zama. Ƙofofi uku ne: ta yamma, wadda ake shigowa ta cikinta daga matakala, ta gabas, wadda ke fita kan wata doguwar hanya mai zuwa wajen Ɗakin Ginshiƙai Ɗari, sai ta kudu, wadda ta fi sauran faɗi, tana buɗewa ga farfajiyar Afadana, babban ɗakin da sarki ke karɓar gaisuwa. Tsayin kowace ƙofa ya kai kimanin mita 10. Ƙyauren ba su tsira ba, amma ramukan dutse da ƙafarsu ke juyawa a ciki suna nan a kusurwoyi, su ne suka nuna cewa kowace ƙofa ƙyaure biyu gare ta. Masana na ganin na katako ne da aka lulluɓe da ƙarfe mai ado. Mashiga ɗaya da mafita biyu na nufin a nan ake tace baƙi: a san wanda zai nufi wajen sarki, a san wanda za a bi da shi wata hanya.

Rufin wannan fili duka ginshiƙai huɗu ne kawai ke ɗauke da shi tare da bango, kowane ginshiƙi ya haura mita 16, wato tsayin bene mai hawa biyar. A nan akwai abin lura ga ɗalibin kimiyya. Idan aka gicciya gungume a kan ginshiƙai biyu aka ɗora masa nauyi, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuwa miƙewa yake yi kamar ana jan sa. Dutse yana da juriyar danni sosai, amma ba ya jure ja. Sai ya tsage daga ƙasa. Ana iya gwada wannan da allin rubutu: a tsai da shi a danna shi daga sama, zai yi wuyar fashewa, amma a gicciya shi tsakanin littattafai biyu a taɓa tsakiyarsa, nan take zai karye. Itace kuwa yana da zare-zare a tsawonsa, waɗanda ke riƙe shi idan an ja.

Saboda haka duk maginin da ya yi rufi da dutse dole ya cusa ginshiƙai kusa da juna. A babban ɗakin Karnak na Masar, ginshiƙai 134 ne masu kauri suka cika fili mai murabba'in mita kimanin 5,000, har mai tsayuwa a ciki ba ya hango nesa. Farisawa sun yi rufi da katako, musamman itacen al'ul, irin wanda Dariyus ya ce daga Lebanon aka kawo masa domin fadarsa ta birnin Susa. Ginshiƙai huɗu sun raba rufin zauren gida tara, tazarar kowane gida kimanin mita 8, kuma gungumen al'ul yana iya ƙetare wannan tazara. Tun da katako bai kai dutse nauyi ba, sai ginshiƙan suka samu damar zama sirara dogaye. A kan kowane ginshiƙi an sassaƙa gaban bijimai biyu, sun ba juna baya, gungumen rufi kuma yana kwanciya a gurbin da ke tsakanin wuyansu. Ado ne, amma adon da ke ɗaukar kaya.

Launin toka da ake gani yau ba shi ne kamannin wurin na asali ba. Bincike da madubin ƙara girma da na'urorin gano sinadarai ya nuna ragowar fenti a duwatsun fadar: shuɗin da ake haɗawa a Masar, ja, da kore.

Bijimai huɗu

A ƙofar yamma bijimai ne sak, suna fuskantar fili da duk mai hawowa. A ƙofar gabas kuwa wasu halittu ne masu jikin sa, da fikafikan gaggafa, da kan mutum mai nannaɗaɗɗen gemu da doguwar hula mai ƙahoni, suna fuskantar dutse. Kowannensu ya fi mita 5 tsayi. Ba Farisawa suka ƙago wannan siffa ba. Assuriyawa, waɗanda suka yi mulki a arewacin Iraƙi ta yau, sun daɗe suna kafa irinta a ƙofofin fadojinsu, suna kiranta lamassu, suna ɗaukarta mai gadin da ke korar sharri. Birninsu Nineba ya faɗi a shekarar 612 K.M., fiye da shekara 120 kafin Zaksis ya hau gado, amma siffar ba ta mutu ba.

An yi mata gyara kaɗan. Yawancin lamassun Assuriya ƙafa biyar gare su, domin wanda ya dube su ta gaba ya ga suna tsaye, wanda ya dube su ta gefe ya ga suna tafiya. Na Farsa ƙafa huɗu ne, kuma bakin fikafikansu ya lanƙwasa sama. Na Assuriya daga dutse guda ake fitar da su, a jawo su. Na Farsa an jera manyan duwatsu ne bisa juna a gefen ƙofar, aka sassaƙa dabbar a jikinsu.

Aron bai tsaya ga Assuriya ba. Tsagin da ke bin tsawon ginshiƙan aikin maginan Girka ne na gaɓar Asiya Ƙarama. Al'adar gina zaure shi kaɗai a gaban fada ta riga Zaksis: Sairus ya gina irinsa a Fasargadi, Dariyus ya fara wani a Susa, wanda masu bincike na Faransa suka tono a 1972. Daga shekarar 2011 kuma, wata tawagar haɗin gwiwa ta Iran da Italiya ta tono wata ƙofa ta gasasshen tubali mai ƙyalli a Toli Ajori, kilomita uku da 'yan kai daga dandamalin, wadda aka kwaikwayo daga Ƙofar Ishtar ta birnin Babila, har da hotunan dabbobinta. Ashe tun kafin a aza harsashin dandamalin, sarakunan Farisa suna kawo ƙofofin ƙasashen da suka ci su dasa a gida. Mutumin Babila ko na Masar ko na Girka da ya shiga zauren Zaksis zai ga wani abu da ya sani daga garinsu, amma zai gan shi a hannun wani.

Abin da aka rubuta

A saman kowanne daga cikin bijiman huɗu akwai rubutu, kuma magana ɗaya ce aka maimaita cikin harsuna uku: tsohon Farisanci, Elamanci, da Babilanci. Duk da irin rubutun nan ne mai kama da kan ƙusa. Rubutun ya fara da yabon Ahuramazda, abin bautar sarakunan, a matsayin wanda ya halicci ƙasa da sama da mutum, ya kuma naɗa Zaksis sarki. Daga nan Zaksis ya ambaci sunansa da na mahaifinsa da zuriyarsu ta Hakamanish, ya ce shi ya gina wannan ƙofa, ya ƙara da cewa akwai sauran kyawawan gine-gine a Farsa da shi da mahaifinsa suka yi, ya rufe da roƙon kariya ga kansa da mulkinsa da ayyukansu.

A nan aka samo sunan ginin. Zaksis ya kira shi da kalmomi biyu: duwarti, wato ƙofa, da wisadahyu, wato ta dukkan ƙasashe ko dukkan al'ummai. Kalmar farko tana da doguwar tafiya. Daga tushenta aka sami dar, ƙofa a Farisancin yau, daga dar kuma aka sami darbar, wato fada ko zaman fada. Sarakunan Mugal suka yi amfani da ita a Indiya, Turawan Ingila suka tsince ta a can, suka zo da ita ƙasar Hausa, inda ake kiran babban hawan dawakin da ake shirya wa manyan baƙi durba ko hawan daba, irin wanda aka yi a Kaduna a 1956 lokacin ziyarar Sarauniyar Ingila.

Rubutun yana can sama, inda ido ba zai iya bin haruffansa da sauƙi ba, kuma kaɗan ne daga cikin baƙi za su iya karanta ko da ɗaya daga harsunan uku. Haruffan tsohon Farisanci ma sababbi ne, a zamanin Dariyus aka soma amfani da su sosai, kuma kusan a rubutun sarauta kaɗai. Aikin ofis da Elamanci da Aramanci ake yin sa. Ga alama an yi rubutun domin a gan shi fiye da a karanta shi.

Wa ke shiga, kuma ta hannun wa

A fadar Farisa, ganin sarki ba abu ne da ake samu da ƙafa ba. Marubutan Girka sukan ce mutum yana ƙofar sarki idan suna nufin yana fada. Akwai babban hafsa mai muƙamin hazarafati, wato shugaban dubu, wanda ta hannunsa baƙo ke samun iso. Masanin tarihin nan na Girka, Hirodotus, ya kawo labarin da ke nuna nauyin wannan doka. Intafanis yana cikin manyan mutane shida da suka taimaki Dariyus ya hau mulki, kuma an yi musu alkawarin shiga wurin sarki ba tare da iso ba, sai fa in yana tare da iyalinsa. Wata rana mai tsaron ƙofa da ɗan saƙo suka tare shi, suka ce sarki yana ciki da iyali. Ya ɗauka ƙarya suke yi, ya zare takobi ya yanke musu kunnuwa da hanci. Dariyus ya ɗauki wannan a matsayin alamar tawaye, ya sa aka kashe shi tare da yawancin mazan gidansa. Abin ya faru kafin a gina Farsa, amma dokar da ya taka ita ce zauren Zaksis ya mayar gini.

Wanda ya sami iso kuma akwai gaisuwar da ake bukata daga gare shi, wadda Girkawa ke ƙyama domin a ganinsu abin bauta kaɗai ake rusuna wa haka. An ba da labarin wani jakadan birnin Tibis na Girka mai suna Ismeniyas, wanda ya je gaban Sarki Atazaksis na Biyu a shekarar 367 K.M.; da ya iso sai ya saki zobensa ya faɗi ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka. Fadawa suka ga gaisuwa, shi kuwa zobe kawai ya ɗauka.

Baƙon da aka fitar ta ƙofar kudu zai tarar da matakalar Afadana, a jikinta kuma an sassaƙa hoton abin da shi kansa yake cikin yi. Tawaga 23 ce daga sassan daular, kowacce da tufafinta da irin gyaran gashinta, kowacce wani bafada mai sanda yana riƙe da hannun shugabanta yana jan sa zuwa wajen sarki. Mutanen Elam sun kawo zakanya da 'ya'yanta biyu. Mutanen Babila sun kawo sa mai tozo da tufafi. Na Baktariya, a arewacin Afganistan ta yau, suna jaye da raƙumi mai tozo biyu, Larabawa kuwa mai tozo ɗaya. Mutanen Lidiya suna ɗauke da tuluna da mundaye. A ƙarshen layi ga mutanen Kush, daga kwarin Nilu a Sudan ta yau, ɗaya ya saɓa hauren giwa, wani yana jaye da wata dabba mai dogon wuya. Masana da yawa sun danganta wannan taro da bikin Nauruz, sabuwar shekarar Farisawa da ke zuwa a watan Maris, wasu kuma na ganin hoton daular ce baki ɗaya, ba na wata rana guda ba.

A duk faɗin waɗannan hotuna babu yaƙi, babu fursuna a ɗaure, babu garin da ake ƙonawa. Sarakunan Assuriya da irin waɗannan suke cika bangon fadojinsu domin baƙo ya tsorata. Na Farisa sun zaɓi su nuna al'ummai suna zuwa da kyauta, ana riƙe da hannunsu. Bai kamata mai karatu ya ɗauki hoton a matsayin cikakken labari ba. Hirodotus ya lissafa larduna 20 da harajin kowanne a shekara: Babila talanti 1,000 na azurfa, wato kimanin tan 30, haɗe da yara maza 500 da aka dandaƙe domin hidimar fada, Masar talanti 700, Indiya talanti 360 na garin zinariya. Shi kansa Zaksis da ya sa wa zaurensa sunan dukkan al'ummai, ya murƙushe tawaye a Masar da Babila a farkon mulkinsa, kuma a shekarar 480 K.M. rundunarsa ta ƙone wuraren ibada na birnin Atina. Dutsen yana faɗin yadda sarki ke son a ga mulkinsa ne.

Hannuwan da suka yi aikin

A shekarar 1933, masu tono na Jami'ar Shikago ta Amurka, a ƙarƙashin Ernst Herzfeld, suka ci karo da dubban allunan yumɓu a cikin katangar arewa maso gabas. Bayan 'yan shekaru magajinsa Erich Schmidt ya sami wasu a baitulmalin fadar. Na farkon sun shafi shekarun 509 zuwa 493 K.M., na biyun kuma 492 zuwa 458 K.M., wato sun haɗa da zamanin da aka gina zauren. Ba labarin sarakuna ke cikinsu ba. Rasidai ne na abinci da lada. Daga cikinsu aka san cewa ma'aikatan sun fito daga Masar, Babila, Siriya, da garuruwan Girkawa na Asiya Ƙarama. Namiji baligi yakan karɓi kimanin lita 30 na sha'ir a wata. Macen da ke shugabantar ƙungiyar ma'aikata takan karɓi fiye da haka. Wadda ta haihu ana ba ta ƙarin abinci, ninki biyu in namiji ta haifa. Matafiyin da ke ɗauke da takardar izini mai hatimi ana ba shi guzuri a kowane zango. Akan ji ana cewa allunan sun tabbatar ba a yi aikin tilas a Farsa ba. Wannan zuzutawa ce: da yawa daga ma'aikatan an kwaso su ne daga ƙasashensu, kuma rabon abinci ba shi ke nuna mutum yana da 'yancin tafiya ba.

Dutsen da suka yi aiki da shi dutsen farar ƙasa ne, mai launin toka daga Dutsen Rahama, baƙi-baƙi kuma daga wani wurin fasa dutse da ke nesa da fadar. Ba su sa laka ko wani abin liƙi tsakanin duwatsu ba. Sukan goge gefen fuskokin da za su haɗu har su yi sumul, su ɗan rarake tsakiya, ta yadda duwatsun za su manne ƙam. Sa'an nan su sassaƙa gurbi a kan duwatsu biyu maƙwabta, su sa maɗaurin ƙarfe, su narka darma su zuba. Darmar tana hana ruwa taɓa ƙarfen, domin ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa dutse. Kuma da yake tana da taushi, tana ba duwatsun damar ɗan motsawa lokacin girgizar ƙasa, wadda yankin tsaunukan Zagros ya saba da ita. Ramukan da ake gani yau a mahaɗar duwatsu aikin mutanen baya ne da suka riƙa ƙwaƙule ƙarfen da darmar.

Wanda ke son ganin yadda aka yi zauren Zaksis sai ya fita ta ƙofar gabas ya bi hanyar nan mai tsawon kimanin mita 90. A ƙarshenta akwai wata ƙofa da wani sarki na baya ya fara, ba a gama ba. Duwatsun suna jere, an fitar da kamannin bijimai sama-sama, sawun kurfi na nan ɓaro-ɓaro, gutsattsarin ginshiƙai suna zube ba a yi musu tsagi ba. Daga nan aka gane cewa ana ɗora dutse ne da ɗanyen sassaƙa, sai ya zauna a mazauninsa a yi masa aikin ƙarshe.

Gobara da mantuwa

Iskandar na Masedoniya ya shiga Farsa a farkon shekarar 330 K.M. Marubucin Girka Fulutak ya ce sai da alfadarai 20,000 da raƙuma 5,000 aka kwashe dukiyar baitulmali. Bayan 'yan watanni aka cinna wa fadar wuta. Wasu marubutan dā sun ce ramuwa ce a kan abin da Zaksis ya yi wa Atina, wasu sun ce a wurin shaye-shaye aka yanke shawarar. Masu tono sun sami toka mai kauri da gawayin al'ul a manyan ɗakunan.

Sauran ɓarnar ruwan sama ya yi ta. Ginin tubali in ya rasa rufi, damina kaɗan ta ishe shi. Bangon zauren ya narke ya koma ƙasa, ya bar abin da aka yi da dutse kawai: gefen ƙofofi, bijimai, ginshiƙai, dakali. Abin da ake gani yau ƙashin ginin ne. Wannan narkakkiyar ƙasa ta yi wani amfani, domin ita ta binne matakalar gabas ta Afadana, ta adana hotunanta garau har aka tono su a 1932, alhali na matakalar arewa da suka zauna a fili sun sha duka. Fuskokin bijiman kuwa hannun mutane ne ya farfasa su a ƙarnonin baya.

Sunan maginin ma ya ɓace. Mutanen yankin suka riƙa kiran wurin Cehel Minar, wato Hasumiya Arba'in, suka jingina shi ga Jamshid, wani sarki na tatsuniyoyinsu. Sunan Zaksis yana rubuce a sama cikin harsuna uku, ba mai iya karantawa. A 1618 jakadan Sifen a fadar Shah Abbas, García de Silva Figueroa, ya gane cewa wannan kufai shi ne Farsifolis na littattafan Girkawa. A 1765 Carsten Niebuhr, wanda sarkin Denmak ya aiko cikin tawagar bincike, ya yi makonni yana kwafar rubuce-rubucen wurin a tsanake, ya kuma lura cewa iri uku ne, ɗaya daga ciki haruffansa kaɗan ne.

Wanda ya fara buɗe kullin malamin makaranta ne a garin Göttingen na Jamus, Georg Grotefend, yana da shekara 27, a 1802. Ya ɗauki gajerun rubutu biyu daga kwafin Niebuhr, waɗanda aka samo a ƙofofin fadar Dariyus da ta Zaksis a kan dandamalin nan. Ya yi zaton kalmar da ke yawan maimaituwa tana nufin sarki, kuma tsarin zai kasance: wane, sarki, ɗan wane. Sai ya lura cewa a rubutu ɗaya mai magana sarki ne kuma ubansa sarki ne, a ɗayan kuwa wannan uban sarki ne amma nasa uban ba a kira shi sarki ba. Ya nemi jerin kaka da ɗa da jika a tarihin Farisa inda kakan bai yi sarauta ba, ya sami Histasfis, Dariyus, Zaksis. Ya ɗora sunayen a kan alamomin, ya fitar da sautin haruffa da dama. Henry Rawlinson da wasu suka ƙarasa aikin a shekarun 1830 da 1840. Da aka iya karanta tsohon Farisanci, sai al'adar nan ta maimaita magana ɗaya cikin harsuna uku ta zama mabuɗin Babilanci, daga nan kuma aka sami hanyar karanta dubban allunan Iraƙi ta dā.

Halin da take ciki

Matafiyan Turai da suka biyo baya sun mai da gefen ƙofar allon sa hannu. Jakadu da sojoji da 'yan kasuwa sun sassaƙa sunayensu a ƙarƙashin bijiman. Cikinsu har da ɗan jarida Henry Morton Stanley, wanda ya rubuta sunansa da na jaridarsa da shekarar 1870, shekara guda kafin ya haɗu da David Livingstone a bakin tafkin Tanganyika. Yanzu an sa shingen gilashi domin hana taɓawa. Ginshiƙai biyu ne suka tsira a tsaye. Na ukun da ake gani an harhaɗa shi ne daga gutsattsarinsa a shekarun 1960, lokacin da ƙwararru daga Italiya ke aikin gyara a wurin. A 1979 hukumar UNESCO ta sa Farsifolis cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Abokan gabar ginin na yanzu ba su da takobi. Dutsen farar ƙasa yana narkewa a hankali cikin ruwa mai tsami, kuma hayaƙin masana'antu da motoci yana ƙara wa ruwan sama tsami. Zafin rana da sanyin dare suna sa fatar dutsen ta buɗe ta tsuke har ta riƙa ɓarewa. A lokacin hunturu ruwan da ya shiga tsaga yakan daskare ya ƙara faɗinta. Akwai kuma wasu tabbai masu launin ja da rawaya da toka da ke manne wa duwatsun. Halittu ne masu rai, zaman tare ne tsakanin funfuna da gansakuka: ɗaya na samar da abinci daga hasken rana, ɗaya na kafa zare-zarensa cikin dutse yana fitar da sinadari mai tsami da ke cin sa. A kan bango marar zane ɓarnar ba ta da yawa, amma a kan haruffa da nannaɗin gemu, inda zurfin sassaƙar bai wuce 'yan milimita ba, kowane ɓare asara ce. Masu kula da wurin suna cire su da magunguna da hasken leza, a hankali, domin kankara da ƙarfi ta fi tabon illa.

Matsala mafi girma tana ƙarƙashin ƙasa. Filin Marbdasht da ke gaban dandamalin ƙasar noma ce, kuma shekaru da yawa ana jan ruwa daga rijiyoyin burtsatse fiye da yadda damina ke mayarwa. Idan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da laka ya janye, sai su matse, fuskar ƙasa ta nutse, kuma ko ruwa ya dawo ba ta komawa yadda take. Ma'aunin da ake yi da taurarin ɗan'adam ya nuna filin yana nutsewa. Dandamalin yana zaune ne a gefen dutse, wanda ba ya nutsewa, saboda haka a mahaɗar dutse da laka ne ƙasa ke tsagewa, kuma an riga an ga irin waɗannan tsagogi a filin, kusa da kufan da kuma kusa da kaburburan sarakunan da ke Naƙshi Rustam, 'yan kilomita kaɗan daga arewa, inda aka binne Dariyus a cikin dutse.